Mulai Yakub ko Pamukkale: ina za a kai Hajiya wankan ruwan zafi?

Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida mai fama da ciwon gwiwa ko sanyin ƙashi ya san inda maganar take kaiwa, an sha ƙwayoyi, an shafa man zafi, an yi allurar gwiwa, sai wata rana wani a dangi ya turo bidiyo a WhatsApp na wasu fararen tafkuna a jikin dutse a Turkiyya ya ce ai ruwan nan magani ne, a kai Hajiya. Wani kuma ya ce a'a, ai kusa da Fas akwai wanda ya fi shi, ga ziyara ga magani. To waɗannan wurare biyu su ne Pamukkale a Turkiyya da Mulai Yakub a Maroko. Duka ƙananan garuruwa ne can cikin ƙasa nesa da bakin teku, duka ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ne ya yi musu suna, kuma kowanne tafiyar kamar kilomita 20 ce daga babban birni, wancan daga Denizli, wannan daga Fas. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Ni dai tun daga farko in faɗi inda na karkata, in jiki ake so ya samu sauƙi to Mulai Yakub, in ƙwarƙwatar ido ake so a kashe to Pamukkale, sai dai akwai amma-amma da yawa a tsakani shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Mu fara da ruwan kansa tunda shi ne dalilin tafiyar. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya riƙe wannan a ransa, na Wikki ɗuminsa digiri 31 ne. Na Pamukkale wanda mutane ke shiga yana wajen 35 zuwa 36, wato kusan ɗumin jikin mutum, za ka iya zama a ciki ka yi ta hira ba ka ji komai ba. Na Mulai Yakub kuwa a inda yake fitowa digiri 54 ne, daga zurfin ƙasa mai nisa yake tasowa, ya fi kilomita guda, kuma ko da ya ɗan huce kafin ya iso kwamin wanka, wallahi sai ka shiga a hankali, ƙafa tukunna, ka jira, sannan gwiwa, sannan ka zauna. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, wanda ya yi taurin kai ya wuce haka jiri ne zai fito da shi.

Abin da ke cikin ruwan ma ba ɗaya ba ne. Na Pamukkale alli ne a narke a cikinsa tare da iskar kabon, da zarar ya fito sarari iskar ta tsere sai allin ya kwanta a kan dutse, da farko laushi-laushi daga baya ya daskare, shekaru dubbai ana haka shi ne ya gina wannan farin tudun da kuke gani a hoto, tsawonsa kusan mita 2,700, tsayinsa kamar mita 160. Ruwan ba shi da wani wari, fes yake. Na Mulai Yakub kuma farar wuta ce da gishiri, da yawa ma, kuma tun kana saukowa cikin garin hancinka zai gaya maka ka iso, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne sak, yana kama tawul, yana kama gashi, kwana biyu kana jin sa a jikinka. Mu dai ba baƙin farar wuta ba ne, iyayenmu sun daɗe suna dakata su kwaɓa da mai su shafa wa yaro mai ƙazuwa, to ita ɗin ce dai a cikin ruwan nan, shi ya sa masu ciwon fata suka fi kowa cika wurin, masu ƙaiƙayin da ya ƙi ji, masu wannan ciwon da fata ke yin ɓawo tana zubewa wanda likitoci ke kira soriyasis, sai masu ciwon gaɓoɓi, sai masu matsalar hanci da maƙogwaro da ake sa su shaƙi tururin. Malam in kana da zoben azurfa ka cire shi tun a masauki, Hajiya ma ta cire awarwaronta in na azurfa ne, in ba haka ba za a fito da su baƙi ƙirin. Kuma ruwan na wanka ne, ba na sha ba. Na sha yana ɗaya gefen Fas ɗin, a Sidi Harazem, inda masu ciwon ƙoda ke zuwa da jarkoki, shi ne ma ake durawa a roba ana sayarwa a shagunan Maroko da wannan sunan.

Yanzu ga abin da bidiyon WhatsApp ba ya nunawa. Waɗannan tafkunan masu shuɗin ruwa da ke jere a jikin tudun Pamukkale, yawancinsu an hana shiga. A da can an gina otal-otal a saman tudun suna janye ruwan zuwa nasu kwamin, har titin mota aka yi a kan farin dutsen, mutane na hawa da takalma suna wanka da sabulu, wurin ya fara dafewa. Bayan UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988 sai aka rushe otal ɗin, aka rufe titin aka mayar da shi jerin tafkunan da aka gina da hannu, to waɗannan ne ake barin mutane su taka, kuma ruwansu iya ƙauri ne ko gwiwa. Sannan ruwan juya shi ake yi, yau a sake shi wannan ɓangaren gobe wancan, don haka kana iya zuwa ka tarar da rabin abin da ka gani a hoto a bushe ƙamas. Yana da kyau har a hakan, musamman da yamma in rana ta kusa faɗuwa, amma wanda ya biya kuɗin jirgi da niyyar Hajiya za ta jiƙa gwiwarta a nan ya yi asarar lissafi.

Kuma dole ne a cire takalmi, doka ce, akwai masu gadi da usur. Za ka ga kowa riƙe da takalminsa a leda yana ɗingishi, domin dutsen ba sumul yake ba, yana da ƙananan tudu-tudu masu kaifi da ruwa ya zana, inda ruwa ke gudu kuma ga santsi. Matashi zai hau yana dariya yana ɗaukar hoto. Tsohuwa mai nauyin jiki da ciwon gwiwa, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin abu sosai, gaskiya ban ba da shawara ba. Ƙofofin shiga uku ne, ta ƙasa daga cikin garin ita ce ake hawowa ba takalmi, in da tsoho a tafiyar a ɗauki mota a zagaya ta ƙofar kudu, ta saman tudun za a shigo, a tsaya a kalli farin dutsen daga sama ba sai an taka ba.

Inda ake shiga ruwa sosai a Pamukkale shi ne tsohon tafkin da suke kira na Kiliyofatara, sarauniyar Masar ta zamanin da, a saman tudun cikin kangon birnin Hiyerafolis. Ginshiƙan marmara ne zube a ƙarƙashin ruwan, girgizar ƙasa ce ta kayar da su tun ƙarni na 7, kana iyo kana taka su, ruwan na fitar da 'yan ƙananan kumfa a jikin fata. Kuɗinsa daban ne da na ƙofa, wani lokaci kuma a rufe shi don gyara. Babbar matsalar a wurinmu dai ita ce maza da mata a haɗe suke, Turawa da 'yan yawon buɗe ido daga ko'ina cikin kayan iyo, ga masu kallo zaune a gefe suna shan shayi. Ka san Hajiyarka, ka san ko za ta shiga. Tawa dai ko bakin wurin ba za ta tsaya ba.

A nan ne Mulai Yakub ta yi wa Pamukkale fintinƙau. Tsohon wurin wankan da ke ƙasan garin ɓangaren maza daban na mata daban, kamar yadda hammam, wato gidan wankan jama'a, yake ko'ina a Maroko, kuma akwai ƙananan ɗakuna masu bahon wanka na mutum ɗaya ga wanda ba ya son shiga taro. Kuɗin shiga mai sauƙi ne, talakawan ƙasar ne ke cika wurin, tsofaffi daga ƙauyuka, mata da 'ya'yansu, masu sanda. A kan hanyar sauka za ka ga 'yan tireda jere suna sayar da tawul da bokitin roba da silifas da baƙin sabulunsu mai laushi da suke kira sabun baldi da safar hannu ta cuɗa, ga kuma yara da samari suna tare ka suna tallan ɗakin haya. Amma fa kar in yi muku ƙarya, wurin talakawa ne da duk abin da hakan ke nufi, ranakun hutu da ƙarshen mako cunkoso ake yi na gaske, ga hayaniya, ga tururi har ba ka ganin na gabanka sosai, kuma tunda masu ciwon fata ne da yawa a ciki, mai ƙyanƙyami ba zai sake ba. In za a shiga nan a je da sassafe a tsakiyar mako, ko a kama ɗakin mutum ɗaya.

Sai kuma matakala. Garin a jikin gangaren tudu aka gina shi, mota a sama take tsayawa, wurin wankan yana ƙasa, sauka ba wuya, amma ka tuna bayan an fito daga ruwan digiri arba'in da wani abu jiki ya mutu murus za a hawo su. Don haka in Hajiya ba ta iya doguwar tafiya, sai a haƙura da arha a nufi sabon wurin, wanda yake can gefe kuma mota na kaiwa har ƙofa. Kamfanin Sothermy ne ke kula da shi, kuma tun 2018 akwai otal ɗin Vichy Thermalia a haɗe da shi. Can tsarin asibiti-asibiti ne, akwai ganin likita, akwai wankan baho, da feshin ruwa, da tausa, da shaƙar tururi, ga tsabta, kuɗin kuma ya ninninka na tsohon wurin nesa ba kusa ba. Tun wajen kama wuri a faɗa musu ɓangaren mata ake so da ma'aikaciya mace, kar a bari sai an je.

To wanda tafiyarsa dole Turkiyya ce fa, misali ɗan kasuwar da zai je Istanbul saro kaya ya ce bari ya haɗa da mahaifiyarsa? Ba a rasa mafita ba. Kilomita 5 kacal daga Pamukkale akwai wani ƙauye Karahayit, ruwansa ja ne saboda sinadarin ƙarfe, kuma ya fi na Pamukkale zafi sosai, yana kaiwa wajen digiri 60 a mafitarsa. Turkawan da suka zo don ciwon jiki can suke sauka, ba Pamukkale ba. Otal-otal ɗin wurin suna jawo ruwan zuwa kwaminsu, wasu ƙananan masaukai ma har cikin banɗakin ɗakinka, ka rufe ƙofa ka tara ruwanka ka zauna, ba mai ganin ka. Wasu suna da kwamin mata daban, wasu ba su da shi, sai an tambaya kafin a biya. In aka yi haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kwana a Karahayit ana wanka, rana guda a je Pamukkale kallo. Sai dai ruwan Karahayit ba shi da farar wutar Mulai Yakub, in ciwon fata ne ya kawo ku to har yanzu Maroko ce.

Wata magana da ba a son ji: wanka ɗaya ba ya maganin komai. A Faransa inda gwamnati ke biya wa marasa lafiya irin wannan jinyar, kwana 18 ake yi ana shiga kullum ƙarƙashin kulawar likita. Ruwan zafi yana sassauta jijiyoyi, yana rage ciwo da ƙagewar gaɓa na wani lokaci, mutum ya samu barci, amma guringuntsin gwiwar da ya cinye ba zai tsiro ba don an shiga ruwa a Fas ko a Denizli. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce a ina za ku iya zama mako guda ko fiye ba tare da aljihu ya yi kuka ba kuma ba tare da gundura ta kashe ku ba. Pamukkale wuri ne na yini ɗaya, mutum sama da miliyan biyu ke zuwa a shekara kuma akasarinsu bas ke sauke su da hantsi ta kwashe su da yamma, a 2024 kuɗin ƙofa ga baƙo yuro 30 ne, ba wurin da za ka riƙa komawa kullum ba ne. Mulai Yakub kuwa kana iya sauka a Fas ka riƙa shiga tasin haɗaka kullum, rabin awa ka isa, ko ka kama ɗaki a garin. Kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da mai buɗaɗɗen rauni, a fara ganin likita a gida kafin a sayi tikiti, musamman don ruwan Mulai Yakub da na Karahayit, zafinsu ba wasa ba ne.

Abin da ke kewaye da kowanne ma ya kamata a sa a sikeli, don ba wanka za a wuni ana yi ba. A Pamukkale tikitin ƙofar nan ya haɗa da Hiyerafolis, birnin da sarakunan Fargamon suka kafa a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya Rumawa suka gaje shi. Gidan wasansu na dutse yana nan tsaye mai cin mutum dubbai, ga maƙabarta mai kaburbura sama da 1,200, don tun wancan zamanin marasa lafiya ke zuwa neman waraka wasu kuma ajali ya same su a can. Akwai wani kogo da mutanen wancan zamanin suka ɗauka ƙofar lahira ce saboda duk dabbar da aka kai bakinsa sai ta faɗi, masu tonon tarihi 'yan Italiya suka sanar da gano shi a 2013, ashe iskar kabon ce ke taruwa a ƙasa-ƙasa. Da asuba ana tashi da balan-balan mai ɗaukar mutane. Denizli kuma garin masaƙa ne, tawul da rigunan wanka da zannuwan gado da ake kaiwa Turai a nan ake yin da yawansu, ɗan kasuwa ba zai dawo hannu rabbana ba. In tafiyar ta amarya da ango ce ko ta matasa, ba ma sai an yi dogon tunani ba, nan ne.

Mulai Yakub ita kanta ba ta da abin kallo, in ka cire ƙubbar Lalla Shafiya da ke kan tudu da tsaunukan da ke kewaye, garin ko mutum dubu biyar bai cika ba. Amma Fas na bayanta, kuma Fas ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a 1815 tana cikin tsohon garin, 'yan Tijjaniyya daga Kano da Damagaram da Kumasi da Senegal ba sa yankewa a wurin, ranar Juma'a bayan la'asar in ka shiga unguwar ba za ka rasa wanda za ku gaisa da Hausa ba. Wanda ba ɗan ɗariƙa ba ma ga masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859, ga kasuwar fata da majema, ga jallabiyoyi da takalman Fas. Mai son kangon Rumawa ma ba a bar shi a baya ba, Walili tana kusa da Maknas, yini ɗaya an je an dawo. Ga tsohuwar da aka ce mata za a kai ta magani kuma za ta yi sallah a Ƙarawiyyin, ni ina ganin rabin sauƙin ta samu tun kafin a tashi. Abu ɗaya dai, lungunan tsohon Fas mota ba ta shiga, hawa da sauka ne, a nemi masauki kusa da ƙofar gari kamar Bab Bujulud ko a sabon gari.

Hanya kuma kusan kunnen doki ne. Royal Air Maroc na tashi daga Legas da Abuja da Yamai zuwa Kasablanka, daga nan jirgin ƙasa kamar awa huɗu zuwa Fas, ko a canza jirgin sama zuwa filin Fas ɗin kai tsaye. Turkish Airlines kuma zuwa Istanbul, sai ƙaramin jirgi na awa guda zuwa filin Denizli, wanda shi ma yana da nisa da garin, sai an ƙara kamar awa guda a mota, in bas za a bi daga Istanbul kuwa kwana ake yi a hanya, kar a yi wa tsoho haka. Ɗan Najeriya biza yake buƙata a duka biyun. 'Yan uwanmu na Nijar Maroko ta fi musu sauƙi ta wajen shiga, ga Faransanci da ake ji ko'ina a can, wanda ya yi islamiyya da kyau ma Larabcinsa zai fitar da shi ko da su nasu na kasuwa ya sha bamban. A Turkiyya in ka bar wurin 'yan yawon buɗe ido sai dai waya ta yi maka tafinta. Abinci duka halal ne, masallatai ko'ina, wannan ba abin damuwa ba ne a ko'ina cikinsu.

Lokaci: Yuli da Agusta a guje su a duka biyun, zafi na kaiwa digiri 40, a Pamukkale ga farin dutse na mayar maka da rana cikin ido ba inuwa ko ɗaya, a Mulai Yakub kuma ka fito daga ruwan zafi ka faɗa cikin wani zafin. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, su ne daidai. Da sanyi Mulai Yakub da Karahayit suna da daɗin shiga, sai dai a tafi da rigunan sanyi masu kauri don sanyin Fas na Janairu ya fi na hunturunmu cizo kuma ga ruwan sama, tsohuwa ta fito daga wanka a lulluɓe ta sosai kafin iska ta buge ta.

In ni ne ke da Hajiya mai ciwon gwiwa da kuɗin tafiya ɗaya tak, Fas zan nufa a watan Afrilu, mu sauka kusa da Bab Bujulud kwana biyu a yi ziyara a huta gajiya, sannan mu koma Mulai Yakub mu yi mako guda a sabon wurin, a bar likitansu ya tsara mata yawan shigar. In kuɗin bai kai na otal ɗin ba, a zauna a Fas ɗin a riƙa ɗaukar shatar tasi ana zuwa da safe ana biyan kuɗin wanka kawai, a yi ciniki da direba ɗaya tun ranar farko ya riƙa jira, ya fi arha a kan neman sabo kullum.